Yadda Ake Dasa Ado a Jikin Akwatin Katako

Dashen ado shi ne a ƙwaƙule rami marar zurfi a fuskar katako, a cusa wani abu mai launi dabam a cikinsa, sannan a goge har su daidaita, ta yadda mai shafa hannu ba zai ji mahaɗarsu ba. Sana'ar ta shahara a Dimashka da Alƙahira, inda ake ƙawata akwatuna da ƙashi da ƙwanson teku mai walƙiya, da kuma Essaouira ta ƙasar Maroko, inda ake dasa itacen lemun tsami mai haske a jikin katakon thuya mai ƙamshi. Ƙa'idar aikin ita ce: guntun adon ake fara yankawa, sannan a auna ramin a jikinsa.

Mataki na 1: Zaɓen kayan aiki

Ana son katakon akwatin da na adon su bambanta a launi sosai, kamar a dasa farar malaina a jikin jan maɗaci, ko baƙar zuciyar kanya a jikin katako mai haske. Wajibi ne dukkansu su bushe sarai, domin katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma wanda aka yi aiki da shi yana ɗanye zai bar gibi a gefen adon da zarar iskar hunturu ta buso. Inda ake son fari tas, ƙashin saniya ko na raƙumi da aka dafa aka cire masa maiƙo ya wadatar, tun da an haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989. Sauran kayan su ne ƙaramin zarto, wuƙa mai tsini, kurfi ƙanana masu kaifi, magagari, rula, gam da samfefa.

Mataki na 2: Yanka guntun adon

Mai koyo ya fara da siffofi masu miƙaƙƙun gefuna, kamar tauraro ko murabba'i, saboda lanƙwasa tana buƙatar hannun da ya goge. Ana zana siffar a takarda, a manna ta a kan fallen katako mai kaurin milimita 3, a yanke da zarto, sannan a gyara gefunan da magagari tare da ɗan karkata su ciki, yadda ƙasan guntun zai fi samansa ƙanƙanta kaɗan. Wannan karkatar ce ke sa guntun ya ƙara kama jikin ramin gwargwadon yadda aka danna shi.

Mataki na 3: Shata iyaka da ƙwaƙule rami

Wannan shi ne matakin da ya fi buƙatar natsuwa, kuma ya fi sauƙi a yi shi kafin a harhaɗa akwatin, lokacin da murfin yake shimfiɗe a kan benci. Ana ɗora guntun a inda za a dasa shi, a riƙe shi da ɗigon gam, sannan a bi gefensa da tsinin wuƙa a hankali, domin layin fensir yana da kauri kuma ba ya datse zaren katako, wato jijiyoyin da suka bi tsawon itace. Bayan an ɗage guntun, ana maimaita bin layin har ya yi zurfi, sai a fara cire katakon daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, bakin kurfin yana tsayawa a cikin layin wuƙar. Zurfin ramin ya tsaya a kan milimita 2 da rabi, domin guntun ya ɗan fito sama a samu abin gogewa, kuma ƙasan ramin ya zama bai ɗaya, in ba haka ba guntun zai yi rawa ko ya tsage idan aka matse shi.

Mataki na 4: Gwaji da mannawa

Ana gwada guntun ba tare da gam ba, amma ba a tura shi har ƙasa, don kada ya maƙale ya ƙi fita. Inda ya cije, jikin ramin ake ragewa. Idan ya zauna, sai a shafa gam a ƙasan ramin da gefunansa, a saka guntun, a rufe shi da leda, a ɗora shafaffen katako, sannan a matse ko a danne da nauyi na tsawon awa 24. Farin gam na kafintoci ya isa tsakanin katako da katako, amma ƙashi da ƙwanso suna buƙatar gam mai haɗi biyu, irin su Araldite.

Mataki na 5: Gogewa da shafe

Ana fara rage tudun da kankare shi da kaifin faffaɗan ƙarfe, saboda samfefa tana tura ƙurar baƙin katako cikin ƙofofin farin ta dusashe shi. Ƙaramin gibi ana cike shi da garin katakon akwatin da aka kwaɓa da gam. Daga nan sai a naɗa samfefa a jikin guntun katako mai faɗi, a goge bisa tsawon zaren, daga lamba 120 zuwa 180 zuwa 240, tare da sa takunkumi idan akwai ƙashi ko ƙwanso, domin ƙurarsu tana cutar da huhu. A ƙarshe ana share ƙurar, a shafa mai na katako ko kakin zuma sau biyu zuwa uku, ciki da waje na murfin, saboda murfin da aka shafe fuska ɗaya yana shan laima ta ɗayar ya lanƙwashe, adon kuma ya ɓamɓare.