Amsar Tambaya: Karatun Adana Takardu ko Zaman Shago?

Tambaya: Na ci jarrabawar BAC, ina son karanta adana takardun ofis da rumbun bayanai na kwamfuta, amma Baba ya ce in zauna a shagonsa na Adjamé. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, kada ki yi jayayya da Baba. Ki roƙe shi littafin bashin shagon, wanda na san wani shafin ya jiƙe, wani ya yage, ki zuba shi a Excel: sunan mai bashi, ranar ɗaukar kaya, abin da ya rage. Ranar da ya tambayi bashin wane kika fito da shi nan take, da kansa zai biya kuɗin makaranta.

Ki nemi karatun BTS, shekara 2 bayan BAC, amma ki tabbatar gwamnati ta amince da makarantar, don wasu allon bakin ƙofa ne kawai. Aiki kam akwai. Dokar kasuwanci ta OHADA ta wajabta wa kamfani ajiye takardun lissafinsa shekara 10, masu fiton kaya a kewayen tashar jirgin ruwa ta wajen Treichville kuwa kullum cikin takardun kwastan suke. Ki dage da rubutun Faransanci, da shi ake duk wasiƙun ofis.