Gano Matsalar Jonuwa a Tsofaffin Na'urorin Sauraren Kiɗa

Gabatarwa

Duk mai nazarin waƙoƙin baka na Hausa ya san cewa da yawa daga waƙoƙin makaɗa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a kan faya-fayen garmaho da kaset-kaset aka fara adana su. Sauraren waɗannan kuwa sai da tsofaffin na'urori. Sau da yawa akan yanke wa na'ura hukuncin mutuwa, a jefa ta lungu, alhali kuwa cutarta ba ta wuce waya guda ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna wa ɗalibi yadda zai gano inda sauti ya tsinke kafin ya nemi mai gyara.

Hanyar da Sauti Yake Bi

Sauti yana tasowa ne daga allurar faifai ko kan rikoda, ya bi waya zuwa amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfinsa, sannan ya fita ta lasifika. Kowace mahaɗa a wannan hanya wuri ne da zai iya maƙalewa. Mahaɗai uku ne suka fi yawa. Na farko shi ne filogin RCA, wanda yake zuwa bibbiyu, ja na ɓangaren dama, fari na hagu. Na biyu shi ne dogon filogi mai kaurin milimita 6.35, wanda ya samo asali daga allon haɗa wayar tarho na ƙarni na 19. Na uku shi ne filogin DIN na ƙasar Jamus mai haƙora biyar, wanda ake samu a rikodojin Turai irin su Grundig da Philips, kamfanin da ya fito da kaset a 1963. A wannan filogi, haƙori na 2 shi ne na ƙasa, na 3 da na 5 su ke fitar da sauti daga rikoda, na 1 da na 4 kuwa na ɗauka ne. Saboda haka filogi yana iya shiga daram, amma shiru ya biyo baya, domin wayar ba ta wannan aiki ba ce.

Alamomi da Ma'anarsu

Na'ura takan faɗi ciwonta ga mai kunne. Ƙaraf-ƙaraf da ake ji idan an taɓa waya ko an murɗa maɓallin ƙara, alama ce ta datti ko tsatsa a bakin ƙarfe. Ƙurar hunturu da laimar damina su ne kan gaba wajen haddasa wannan. Idan kuwa gurnani ne mai kauri wanda ba ya yankewa, to amon wutar lantarki ne, mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, yake kutsowa. Galibi siririyar wayar ƙasa ta na'urar faifai ce ba a ɗaure ta a bayan amfilifaya ba. Idan sauti ya fito ƙasa-ƙasa, siriri, babu amon ganga, to an jona na'urar faifai a kafar da ba tata ba. Abin da allura take fitarwa ƙanƙane ne ƙwarai, sai an sa shi a kafar da aka rubuta wa PHONO, inda ake ƙarfafa shi, a kuma maido masa da kaurinsa.

Matakan Bincike

Dokar farko ita ce, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Alal misali, idan lasifikar hagu ce ta yi shiru, sai a musanya jan filogi da fari a bayan amfilifaya. Idan shirun ya koma dama, laifin yana ga waya ko na'urar da take aiko sauti. Idan ya tsaya a hagu, to yana ga amfilifaya ko lasifikar. Da wannan gwaji kaɗai an raba aikin gida biyu. Daga nan sai a jarraba wata wayar da aka tabbatar da lafiyarta. A goge bakin filogi da auduga da sipirit, a bari ya bushe. In har sauti yana dawowa duk lokacin da aka girgiza kafar, to dalmar da ta riƙe ta ce ta tsage, sai mai gyara ya sake narka ta.

Gargaɗi

A kashe na'ura kafin a cire ko a jona waya. Kada a kunna amfilifaya mai ƙwayaye ba tare da lasifika a jone ba, domin taransifomarta tana iya ƙonewa. Bugu da ƙari, cikinta yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire ta daga soket, don haka buɗe ta ba aikin ɗalibi ba ne. Na'urar da aka ƙera don Amurka kuma ƙaramar wuta take ci, ba a jona ta kai tsaye a tamu mai ƙarfin bolt 230. Haka nan, da kaset marar muhimmanci ake gwaji, ba da wanda babu kwafinsa ba.

Kammalawa

An ga cewa bin sawun sauti daki-daki yana iya farfaɗo da na'urar da aka fid da rai da ita. Da zarar ta yi magana, abin da ya kamata shi ne a gaggauta kwafe waƙoƙin zuwa kwamfuta, domin zaren kaset yana lalacewa da tsufa, ko ana saurarensa ko yana ajiye.