BABI NA BAKWAI: MUHAWARAR 'YAN KALLO KAN HALAYEN TAURARI A WASAN TALABIJIN MAI JIGON LAIFI

7.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin jigo da zubi da tsari a wasan kwaikwayo. A wannan babi za a dubi taurari, musamman tauraron da ke aikata laifi, da irin gardamar da yakan haddasa a tsakanin 'yan kallo. Duk wanda ya zauna a teburin mai shayi a Talata Mafara, ko majalisar matasa a Bakura ko Maradun, washegarin da aka nuna sabon kashi na wani shiri mai dogon zango, ya san irin wannan gardama. Wani na cewa tauraro mugu ne, wani na cewa dole ce ta sa shi. Wannan gardama tarken adabi ce da ba a riga an sa mata ƙa'ida ba, kuma aikin malamin Hausa ne ya sa mata.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(a) bambanta dalilin aikin tauraro da uzurin aikin;
(b) kafa hujja daga cikin wasa yayin hukunta tauraro;
(c) jagorantar muhawara a aji ba tare da an kambama mai laifi ba.

7.2 Tushen Al'amarin a Adabin Hausa

Sha'awar tauraro mai mugun hali ta girmi talabijin a ƙasar Hausa. Gizo na tatsuniya maƙaryaci ne, mahandami, amma shi yara suka fi so, duk da cewa sau da yawa dubararsa kan ƙare a kansa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka rubuta domin gasar 1933, mai karatu kan bi Alhaji Imam da dariya yayin da suke ƙulla wa juna makirci shi da Malam Zurƙe. Haka kuma a fagen waƙar baka, an daɗe ana saɓani kan Muhammadu Gambo Fagada, mai waƙar ɓarayi: shin zuga su yake yi, ko kuwa tona asirinsu?

Rubutaccen wasan kwaikwayo na farko-farko kuwa ya fi karkata ga gargaɗi kai tsaye. Wasan Marafa na Abubakar Tunau Mafara (1949) da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ba su bar mai karatu cikin kokwanton inda marubuci ya dosa ba. Abin da shiri mai dogon zango ya zo da shi shi ne tsawon lokaci. Ɗan kallo kan shafe watanni tare da tauraro, ya ga gidansu, ya ga ranar da ya yi kuka da ranar da ya yi kyauta, har sabo ya shiga tsakani.

7.3 Misalan Wasanni da Yanayin Muhawarar

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta soma nuna Kwana Casa'in a 2019. An gina shirin a kan wani ƙagaggen wuri mai suna Alfawa, inda siyasa da cin hanci da bangar siyasa suka cuɗanya, kuma Sani Mu'azu ya fito a matsayin Gwamna Bawa Maikada. Akwai kuma A Duniya, wanda ya shafi rayuwar 'yan daba, inda Adam Abdullahi Adam, da aka fi sani da Daddy Hikima, ya fito a matsayin Abale, sunan da ya bi shi har wajen wasa.

A ɗauka, a matsayin misali, matasa biyu ne a bakin tasha suke magana kan wani ɗan daba na cikin wasa. Na farko ya ce, "Wanga yaro ba mugu ba ne, manya sunka ɓata shi, su ka ba shi kuɗɗi da ƙwaya." Na biyu ya ce, "Shi kaɗai at talaka? Mi ya hana sauran yaran unguwa ɗaukar wuƙa?" Idan aka lura, kowanne ya riƙe ɓangare ɗaya na gaskiya. Na farko yana magana a kan abin da ya tunzura tauraro, na biyu kuwa a kan zaɓin da tauraro ya yi. Gardamar ba ta ƙarewa ne domin tambayoyi biyu daban suke amsawa, alhali suna zaton guda ce.

7.4 Dalili da Uzuri

Dalili shi ne abin da ya kai tauraro ga aiki, kamar talauci, ko maraici, ko neman fansa, ko kwaɗayin mulki. Uzuri kuwa shi ne abin da zai sauke masa alhakin aikin, kamar tilasci na haƙiƙa ko rashin hankali. Ke nan kowane uzuri dalili ne, amma ba kowane dalili ne uzuri ba. Ƙwararren marubuci kan ba mugun tauraro dalili mai ƙarfi domin ya zama mutum mai jini da tsoka, amma hakan bai nuna ya wanke shi ba. Domin gano matsayin wasa, manazarci zai bi waɗannan matakai:

(i) Furuci: me tauraro ya faɗa game da kansa? A tuna cewa mai laifi kan ƙawata hujjarsa.
(ii) Aiki: me ya yi a lokacin da yake da wata mafita? A nan ainihin hali ke fitowa.
(iii) Kishiyar tauraro: akwai wani a wasan da ya shiga irin halinsa amma ya bi wata hanya? Idan akwai, marubuci ya riga ya amsa batun uzuri.
(iv) Wanda aka cuta: an ba shi suna da fuska da iyali, ko kuwa an wuce shi kamar kara a hanya?
(v) Salon ɗauka: wane kiɗa ake sa wa tauraro idan ya fito? Ta ina aka ɗauko hotonsa? Wasa na iya tsine wa laifi da baki, amma ya yi masa kirari da kiɗa da sutura.
(vi) Ƙarshe: ya girbi abin da ya shuka?

Mataki na (v) da na (vi) su ne suka fi jawo saɓani. Masu shirya wasa kan ce a jira ƙarshe, domin ramin mugunta gajere ake ginawa. Masu suka kuwa kan ce hukuncin kashi ɗaya ba ya goge burgewar kashi hamsin daga zuciyar yaro. Irin wannan fargaba ce ta sa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar a 2021 cewa ta hana shirya finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya.

7.5 Abin Lura ga Malami

Malamin da zai koyar a wannan yanki ya sani cewa laifi ba labarin talabijin ba ne kawai a wurin ɗalibansa. A Fabrairun 2021 an sace 'yan mata 279 daga makarantar sakandare ta Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a Satumba kuma aka kwashe ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun. Saboda haka, mai yiwuwa a cikin aji akwai wanda aka sayar da gonarsu domin biyan kuɗin fansa. Idan malami ya bari "ai dole ce ta sa shi" ta zama kalmar ƙarshe, ya fama wa wannan yaro ciwo. Idan kuma ya hana tambayar dalili baki ɗaya, ya hana aji fahimtar yadda yaro mai hankali kan zame ya faɗa hannun miyagu. Don haka a tsare muhawara a kan taurarin wasa, kada a ambaci wata ƙabila ko wani gida, kuma duk wanda ya yanke hukunci a nemi ya kawo fitowar da ya dogara da ita.

7.6 Kammalawa

An ga cewa gardamar 'yan kallo ta taso ne daga cuɗa dalili da uzuri, kuma an kawo matakai shida na warware su. Ɗalibin da ya saba tambayar "ina hujjarka a cikin wasan?" zai iya tausaya wa tauraro ba tare da ya yi sha'awar zama irinsa ba.

Jinga

1. Bambanta dalili da uzuri, tare da misali daga wani wasa da ka kalla.
2. Kwatanta Gizo da mugun tauraron wasan talabijin ta fuskar yadda ƙarshensu kan kasance.
3. Tsara darasin minti 40 ga ɗaliban aji biyu na babbar sakandare, inda za a yi amfani da matakai uku daga cikin shidan da aka kawo.