Ɗari a Droum, ɗari a dutsen Bagzan

Kaka ta wuce. A Droum an gama yankan hatsi, an cika rumbuna. Daga watan Nuwamba iska takan juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, daga wajen hamada. Busasshiyar iska ce, tana ɗauke da ƙura. Ita ce iskar hunturu.

Da asuba mutane sukan hura wuta da kara a ƙofar gida, su kewaye ta suna jin ɗumi. Leɓe yakan tsage, ƙafa ta yi kaushi. Ƴan makaranta sukan iso aji hannu a hammata, alli ma da ƙyar yake riƙuwa. Amma a ƙasar Damagaram sanyin asuba na watan Janairu yakan tsaya wajen digiri 14 ko 15. Hantsi na yi, sai a tuɓe mayafi.

Akwai inda ɗari ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma a cikin ƙasarmu Nijar yake. Daga Zinder zuwa Agadas tafiyar wajen kilomita 450 ce. Gaba da Agadas, arewa maso gabas, cikin duwatsun Abzin, akwai wani babban dutse mai faɗin kai, sunansa Bagzan. Ƙololuwarsa, Idukal-n-Tages, tana da tsawon mita 2022. Duk Nijar babu inda ya kai ta bisa.

Me ya sa can ya fi sanyi? Rana takan gasa ƙasa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kusa da ita. In mutum yana hawa, kowace mita 1000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Zinder ba ta kai mita 500 bisa teku ba, ƙauyukan kan Bagzan kuwa sun kai mita 1500, wasu sun wuce. Ga shi kuma lokacin ɗari babu gajimare. Gajimare kamar bargo yake ga ƙasa. In babu shi, zafin da duwatsu suka sha da rana sai ya tsere sama da dare. Shi ya sa wani dare sanyi yakan kai digiri sifiri. Ruwan da aka bari waje cikin ƙwarya sai a tarar da shi da safe ya daskare, ya zama ƙanƙara.

Duk da haka akwai mutane a can. Abzinawa ne, Kel Ewey. Waɗansu gidajensu na dutse da laka ne, waɗansu kuwa bukkoki ne na tabarmin kaba. A da, mai zuwa wurinsu sai ya bi siririyar hanya tsakanin manyan duwatsu, da ƙafa ko da jaki. Abin da ya zaunar da su shi ne ruwa: akwai idanun ruwa a kan dutsen. Da su suke ban ruwan garake. Suna noman alkama, da albasa, da tafarnuwa, da dankalin turawa. Alkama tana son sanyi. Tumatir da dankali kuwa ba sa jure shi: in ƙanƙara ta kwanta musu dare ɗaya, ganye ya yi baƙi, wahalar wata biyu ta tafi a banza.

Da dare iyali sukan taru ɗaki guda, a rufe ƙofa, a sa garwashi a tsakiya, a ɗora shayi. Itace yana da wuya a kan dutse, ba a ƙona shi da wasa. Ƴan awaki ƙanana sai an killace su inda iska ba ta shiga, don jaura tana kashe su. Da safe ba a kora awaki kiwo sai rana ta haskaka kwari.

A gidaje masu raƙuma, maza ba sa nan a wannan lokaci. Wajen watan Oktoba sukan ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su ɗauko gishiri da dabino. Daga nan ayari ya yi kudu, zuwa Damargu, da Damagaram, har Kano. Su sayar da gishiri, su sayi gero, raƙuma kuma su ci kara a gonaki. Mata da yara da tsofaffi su ne suke cin ɗari a kan dutse, suna tattalin geron bara, suna haɗa shi da cuku da dabino har ayari ya komo.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe raƙuma da yawa, yau kuma motoci sun karɓe mafi yawan kayan. Amma har yanzu geron da ake dakawa a Abzin daga kudu yake zuwa, daga gonaki irin na Droum.

Tambayoyi
1. Daga ina iskar hunturu take busowa?
2. Don me daren da babu gajimare ya fi sanyi?
3. In mutum ya hau mita 1000, da digiri nawa zafi zai ragu?
4. Me ayari yake kawowa Damagaram? Me yake komawa da shi?

Aiki
Ku auna sanyi a farfajiyar makaranta da ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 12 na rana, har kwana 6. Ku rubuta abin da kuka samu a allo.