Wutar Rana a Ƙasar Dutse

Jama'a, karatunmu na yau a kan wutar lantarki ne wadda ake samu daga rana. Kun ga baƙaƙen faranta a kan rufin gidaje cikin Dutse, da kusa da tankunan ruwa a ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu. Su ake kira sola. Hasken rana ya sauka a kan faranti, shi kuwa ya mai da shi wuta.

Me ya sa suka yawaita? Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500. Mai janareta ya ji a jikinsa, haka manomin rani mai injin ban ruwa. Wutar layi kuwa, kun san halinta. Sai ido ya koma sama.

To, me ya hana kowa ya sa? Kuɗi. Fetur kaɗan-kaɗan ake sayensa, sola kuwa a dunƙule ake biya, rana ɗaya. Yawancin kayan daga ƙasar Sin ake kawo su da dala, ga shi a 2023 naira ta faɗi ƙwarai. Batir shi ne mai cin kuɗi, shi ne kuma mai saurin mutuwa. Faranti mai kyau yakan wuce shekara 20 yana aiki, batir mai ruwa kuwa 'yan shekaru ya gaji. Shi ya sa muke ganin famfon burtsatse ya fi dacewa da mu. Da rana ya cika tanki, da dare a ɗiba, ba ruwansa da batir.

Ko manya ma kuɗi ya ɗaure su. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 su gina manyan tashoshin wutar rana, har da a Jigawa. Aka yi ta jayayya a kan farashi da wanda zai tsaya wa bashi, aikin ya tsaya.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Mun je wani ƙauye cikin hunturu, aka ce mana famfo ya mutu. Ashe ƙura ce ta rufe farantan. Da aka wanke, ruwa ya zo. Ku riƙa wanke naku da sassafe, kafin su yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi.