Makirufo Mai Maganaɗisu: Yadda Yake Aiki Da Yadda Ake Kafa Shi

Babu wanda ya saba zama a majami'a ko a filin taro a ƙasarmu ta Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa da bai san kukan nan na lasifika ba. Fasto ya tashi zai yi wa'azi, ko shugabar Zumuntar Mata ta ɗaga murya za ta ba da waƙa, sai wata ƙara mai tsini ta tsaga ɗakin. Yara su toshe kunne, dattawa su juya su harari yaron da ke zaune wajen na'ura. Bayan an tashi, kwamiti ya zauna ya ce kayan sun tsufa, a yi baiko na musamman a sayo sababbi. Kuɗin nan kuwa daga masara da dawar manoma suke fitowa. Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau, wurin da aka kafa makirufo ne bai yi daidai ba. Saboda haka wannan darasi na ɗalibai ne, musamman 'yan ajin kimiyya da 'yan kwaya, amma dattawan ikilisiya ma su karanta kafin su sa hannu a sayen wani abu.

Makirufon da muke riƙewa a hannu ran Lahadi, mai kai kamar ƙwallon raga, shi ne ake kira dainamik. Mu kira shi mai maganaɗisu, gama maganaɗisu ne zuciyarsa. In ka kwance kan, za ka tarar da wata 'yar fata ta roba, siririya kamar ɓawon albasa. A bayanta an manna waya ta jan ƙarfe mai laushin gashi, an naɗe ta zagaye kamar gammo, gammon kuma yana zaune cikin ratar wani maganaɗisu. Sa'ad da ka yi magana, iska ta girgiza fatar, fatar ta girgiza gammon, motsin gammon cikin maganaɗisu ya haifi lantarki. Wannan ita ce dokar da Michael Faraday ya gano a Ingila a 1831, wadda kuke koyo a aji. Da ita janareta yake ba da wuta, da ita kuma makirufo yake ɗaukar murya. Shekara 100 cif bayan Faraday, a 1931, kamfanin Western Electric na Amurka ya fito da irin wannan makirufo, mai lamba 618A, gidajen rediyo suka karɓe shi.

Lantarkin da yake haifarwa kaɗan ne ƙwarai. Batirin tocila yana da bolt ɗaya da rabi, amma muryar mutum a makirufo ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin dubu na bolt ɗaya. Shi ya sa dole a bi da shi ta na'urar haɗa sauti, wato mikisa, da amfilifaya, kafin ya kai lasifika. Amma shi kansa ba ya bukatar batir ko wutar NEPA. Ɗan'uwansa da ake kira kwandensa ya fi shi jin ƙananan sauti, sai dai yana bukatar batir ko wuta mai bolt 48 daga mikisa, ba ya son laima, ba ya son faɗuwa, kuma yana kwaso kome har da kukan akuya a bayan taga. A wurin da ƙurar hunturu take shiga ko'ina, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, kuma hannu goma ne ke taɓa makirufo ɗaya a sujada ɗaya, mai maganaɗisu ya fi dacewa da mu.

Kada wani ya ɗauka kayan talaka ne. Kamfanin Shure ya fito da SM57 a 1965 da SM58 a 1966, har yau kuma ana ƙera su. Na farkon an fi sa shi gaban ganguna da kayan kiɗa, na biyun don murya. SM57 ne aka riƙa kafawa gaban shugabannin Amurka tun daga Lyndon Johnson. Michael Jackson ma, da duk kuɗinsa, da wani mai maganaɗisu na wannan kamfani, SM7, aka ɗauki muryarsa a yawancin waƙoƙin faifansa na 1982.

Abu biyu ne za ka riƙe game da halinsa. Na ɗaya, yana ji ta gaba sosai, ta gefe kaɗan, ta baya kuwa kusan kurma ne. Na biyu, abin da yake kusa da shi yake ji. A fili, in ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin sautin da ya iso gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mu yi lissafi. Mai wa'azi ya fara da makirufo santimita 5 daga bakinsa. Hannu ya gaji, ya sauke shi zuwa santimita 10: saura kashi ɗaya cikin 4. Ya kai shi ƙirji, santimita 20: kashi ɗaya cikin 16. Ya kai shi wajen cibiya, santimita 40: kashi ɗaya cikin 64. Tsohuwar da ke bencin baya ta daina jin kome. Yaron na'ura ya murɗa ƙara don ya taimake ta, makirufo ya fara jin lasifika fiye da yadda yake jin Fasto, ya mayar mata da muryarta, ita kuma ta sake ƙara ta, sauti ya yi ta zagayawa har ya zama kukan da muka ambata. Maganinsa ba ya cin ko kwabo: a matso da makirufo kusa da baki, kamar faɗin yatsa uku, a rage ƙara, a kafa lasifikoki gaba da masu waƙa suna fuskantar jama'a. In akwai ƙaramar lasifika a ƙasa domin mawaƙa su ji kansu, a sa ta daidai bayan makirufo, wajen da yake kurma.

Akwai wata ɗabi'a da samari suka koya daga mawaƙan talabijin, ta dunƙule kan makirufo cikin tafin hannu. Ina roƙonku ku bar ta. A bayan 'yar fatar nan akwai ƙananan ƙofofi da sauti yake shiga, su ne suke sa makirufo ya ƙi jin abin da ke bayansa. Ka toshe su da hannu, ya koma yana ji ta kowane gefe, muryarka ta zama kamar ta wanda ke magana cikin tulu, kukan lasifika kuma ya sami ƙofa. A riƙe shi a gangar jiki. Ku sani kuma, in leɓe ya manne da raga, murya takan yi kauri fiye da yadda take. Mai siririyar murya zai ji daɗin wannan, amma mai karanta sanarwa kalmominsa sukan cakuɗe, gara ya ja baya kaɗan.

Yanzu ga kayan kiɗanmu. Hanya mafi kyau ita ce ka toshe kunne ɗaya da yatsa, ka zagaya da ɗayan kusa da abin kiɗan yayinda ake kaɗa shi. Inda ka ji ya fi daɗi, nan za ka kafa makirufo.

Tulun da mata suke bugawa da soso shi ne ya fi ba da wahala. Zurfin muryarsa daga baki yake fitowa, amma tare da iska mai ƙarfi. In ka saita makirufo daidai bakin, iskar za ta bugi fatar, abin da za a ji a lasifika sai fuf, fuf. Ka kafa shi kamar taƙi ɗaya daga bakin, ta gefe, yana kallon bakin a karkace, domin iskar ta wuce shi, sautin kuwa ya same shi. Kada a ajiye makirufo a ƙasa kusa da tulu, gama zai kwashi dirin ƙafafun masu rawa. Caki ba ya bukatar makirufo nasa ko kaɗan. Ƙararsa tana shiga na kowa, har gara mai cakin ta tsaya nesa da mai ba da waƙa.

Ganga da kalangu ba su tsoratar da mai maganaɗisu, yana jure ƙarar da za ta sa ƙaramin makirufon wayar hannu ya shaƙe. Ka kafa shi wajen gefen fata, yana kallon tsakiya, inda makaɗi ba zai maka masa gula ba. Mai kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana matsa igiya yana juya jiki, don haka a ba shi nisan taƙi ɗaya ko biyu, a kuma yi masa alama da alli a ƙasa inda zai tsaya. Garaya, gurmi da molo muryarsu ƙarama ce, su sai an matso, kamar santimita 10 zuwa 15 daga fatar da aka rufe ƙoƙon da ita. In ka saita shi kan yatsu, ƙarar farce za ta fi kiɗan. Sarewa kusa da bakin mai busa, amma a kauce wa hanyar numfashi. Algaita kuwa, a majami'a mai rufin kwano, ba ta bukatar taimakon kowa. Ga jita mai lantarki, a kafa makirufo dab da lasifikarta: tsakiya tana ba da sauti mai kaifi, gefe mai taushi. Kibod a haɗa shi da waya kai tsaye zuwa mikisa.

Kwaya ita ce inda wannan makirufo yake da rauni, gaskiya ce sai a faɗe ta. Ka kafa ɗaya gaban mutum talatin, muryar biyun da ke kusa kaɗai za ka ji, kuma sau da yawa ba su ne suka fi iya waƙar ba. In akwai biyu ko uku, a bi ƙa'idar uku da ɗaya: nisan da ke tsakanin makirufo da makirufo ya ninka nisan da ke tsakanin makirufo da mawaƙa sau uku. In suna santimita 50 daga bakin mawaƙa, a raba su da santimita 150. In ba haka ba, murya ɗaya za ta isa duka biyun a lokaci dabam-dabam, sautin ya fito ba lakka. In ɗaya tak ake da shi, a ba mai ba da waƙa, masu amshi su amsa da ƙarfin da Allah ya ba su.

Ɗaukar sauti domin ajiya aiki ne dabam da na sujada. A dā, sai a ɗakunan ɗaukar sauti irin na Jos ake samun kayan kirki. A can ake naɗar shirye-shiryen Hausa a tef, a aika wa Rediyo ELWA da ya fara aiki a Laberiya a 1954, ko Muryar Bishara da ake watsawa daga Addis Ababa tun 1963 har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Yau ba sai an ratsa dajin Falgore zuwa Jos ba. Makirufo ɗaya, waya mai kyau, da ƙaramin akwatin da ke haɗa shi da kwamfuta ko wayar hannu sun isa. A ƙauyukanmu akwai tsofaffin da suke riƙe da waƙoƙin noma, na biki, da waƙoƙin sujada da iyayensu suka tsara da kansu, waɗanda ba su cikin Littafin Waƙoƙi, ba kuma a rubuce suke ko'ina ba. Ɗalibin da ya tafi hutu da makirufo zai iya dawowa da su.

In za ka ɗauka, ka kashe lasifika da fanka, ka kai janareta nesa bayan gini. Majami'a wofi mai bangon siminti da rufin kwano tana amsa kuwwa, ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule ya fi ta nesa ba kusa ba. Da damina, musamman wajen Doguwa inda ruwa yake da yawa, a jira ya ɗauke, gama babu makirufon da zai raba waƙa da ruwan Agusta a kan kwano. Ka sa makaɗi ya buga da iyakar ƙarfinsa, ka saita ƙara yadda fitilar ba za ta taɓa ja ba. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa ya fashe ke nan. Ka ɗauki rabin minti, ka saurara da abin sa wa kunne, sa'an nan a fara. Ka nemi izinin mai waƙar tukuna, ka faɗi sunansa da garinsa da kwanan wata a farkon abin da ka ɗauka.

Waya ma tana da nata. Ta kirki tana da ƙafa uku a kai: ɗaya ta raga mai kāre sauti, biyu suna ɗauke da muryar, ɗaya a miƙe ɗaya a juye. Duk gurnanin wuta da ya shiga a hanya yana shiga su biyun daidai, in sun isa mikisa sai ya soke kansa. Waya mai arha wadda ba ta da wannan tsari, in ta yi tsawo, takan kwaso gurnanin janareta, wani lokaci har da tashar rediyo ana tsakiyar addu'a.

Ga masu zuwa saye a Sabon Gari, Kano: jabu sun yi yawa, kuma kwalinsu yana da kyau. SM58 na ainihi nauyinsa giram 298 ne, SM57 kuma 284. Ma'aunin ɗakin gwaje-gwajenmu zai fallasa wanda ya gaza da yawa, ko da yake wasu masu jabun suna cusa ƙarfe don su cika nauyi. Saboda haka a gwada shi a shago kusa da lasifika, a juya masa baya a yi magana, a ji ko kurma ne ta can. Makirufo mai sunan da ba a sani ba amma na gaskiya ya fi jabu mai babban suna.

Bayan sujada kada a bar shi a kan bagade ƙura ta cika shi. Maganaɗisun yana jan garin ƙarfe, in ya taru a ratar gammo sai murya ta fara kaushi. A sa shi cikin jakarsa. Lokaci lokaci a kwance ragar, a wanke ta da sabulu, ta bushe sarai kafin a mayar. Mai gwaji kuma kada ya hura masa iska ko ya ƙwanƙwasa shi, ya yi magana kawai.

Ga aikin hutu domin 'yan ajin kimiyya. Ku nemi ƙaramar lasifika daga tsohuwar rediyo, ku haɗa wayoyinta biyu da mashigar makirufo a amfilifaya, ku rage ƙara tukuna, sa'an nan ku yi magana a gabanta. Za ku ji muryarku ta fito, ko da yake a dishe. Ku rubuta dalilin da ya sa lasifika ta iya zama makirufo, da dalilin da ya sa muryar ta dishe, ku kawo a makon farko na komawa makaranta.