Darussan AP: Taimako Ne Ko Cikas Wajen Shiga Jami'a?

 Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. 'Yata za ta shiga aji 11, makarantarsu ta ba ta shawarar ɗaukar darussan AP guda huɗu. Maigida ya ce ta bar su, wai gara A a darasi mai sauƙi da B a mai wuya. Ita kuwa likitanci take buri. Wa za mu bi?
Maman Zainab

To, Hajiya. Damuwar Maigida tana da tushe, domin darussan AP karatun shekarar farko ta jami'a ne ake koyarwa a sakandare, kuma suna iya rage wa yaro maki. Sai dai jami'o'in Amurka masu tsananin gasa ba maki kaɗai suke dubawa ba. Takardar sakamako tana zuwa musu tare da bayanin darussan da makarantar ke koyarwa, don haka suna gane ɗalibar da aka buɗe wa ƙofar AP Chemistry ta kauce. Mai son likitanci da ta guje wa kimiyya mai wuya ta bar su da tambaya, ko da takardarta cike take da A. Ga shi makarantu da yawa suna ƙara wa darasin AP nauyi, har B ɗinsa ya yi daidai da A na darasin gama-gari wajen lissafi.

Wani zai ce to ta kwashe duka huɗun. Nan ma ban yarda ba. Jami'ar California, alal misali, zango 8 kawai take ba ƙarin maki a lissafinta na cancanta, abin da ya wuce haka ba ya ƙaruwa. Yarinyar da ke kwana kan littafi har ta faɗo C a darussa biyu ta yi asarar maki da lafiya, kuma sakamakon aji 11 shi ne cikakken sakamako na ƙarshe da jami'a ke gani lokacin neman gurbi.

Shawarata ta ɗauki biyu, a fannin da ta riga ta yi ƙarfi, kamar Biology da Chemistry. Hukumar College Board tana shirya jarrabawar AP a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'in gwamnati da yawa suna yafe wa mai 3 wani kwas, wasu sai 4 ko 5, wannan kuwa ragin kuɗin makaranta ne da zai faranta wa Maigida rai. Ku je tare da shi wurin mai ba ɗalibai shawara, ku tambayi rangwamen kuɗin jarrabawa, da ranar ƙarshe da za ta iya sauya darasi idan ya fi ƙarfinta.